Abin da Ke Cikin Fayil Ɗina

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma kwas ɗin malaman da ya raba mu wata uku bai gajiyar da ke ba. Ni da sauƙi, ciwon bayan ne dai har yanzu ba ya barina in zauna minti goma a wuri ɗaya.

An yi zaman kotu ranar Talata. Lauyan kamfaninmu da na kai ƙara ya ƙi yarda da rahoton likitan da muka miƙa, wai kwafi ne, kuma wanda ya sa hannu bai zo ba. Alƙali ya ba shi gaskiya. Ya ce a kawo ainihin fayil ɗina daga asibiti, mai ajiyarsa ya yi rantsuwa a kansa, likita kuma ya tsaya a yi masa tambayoyi. Lauyata ta ce in ba haka ba, babu abin da zai nuna faɗowar da na yi daga tsani a wurin aiki ce ta karya ni.

Tun ranar na rasa sukuni. Na kwance fankar falo da lafiyarta ƙalau na sake ɗaurawa. Jiya har ofishin lauya na je da niyyar janye ƙarar, na tsaya a matakala, na juyo.

Malama, fayil ɗin nan ba da hatsarin ya fara ba. Kin tuna gwajin da muka yi shekara shida da suka wuce, na je karɓo sakamako ni kaɗai, na ce miki lafiyata lau? Ƙarya na yi. Likita ya ce rashin haihuwarmu daga gare ni yake. Ina gani kika yi ta shan magunguna, ina ji Inna tana miki habaici, na yi shiru. Ba na so ki ji wannan daga bakin lauyan kamfani.

Ki gaida abokan karatunki.

Mijinki.

*

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Kwana goma sha biyu ban ga amsarki ba, wayata ma ba kya ɗauka. Ban ga laifinki ba.

An kawo fayil ɗin ɗaure da zare kore. Lauyan kamfani ya nemi a karɓe shi gaba ɗaya. Lauyata ta miƙe ta ce abin da ya shafi rauni kaɗai ke gaban kotu. Alƙali ya juya shafukan farko, ya ɗago ya dube ni, ya yarda da ita. Shafi bakwai aka karɓa, sauran aka mayar asibiti. Babu wanda ya karanta komai a bainar jama'a.

Ashe da na ja bakina na yi shiru, da ba ki sani ba har yau. Na yi ta juya wannan a hanyar gida, na rasa ko daɗi zan ji ko haushi. Ban shiga gida ba, na wuce wurin Inna. Tana ninke kaya na faɗa mata komai, a gaban Yaya da matarsa. Ta ajiye zanen da ke hannunta. Da zan tafi ta tambaye ni ranar da za ki dawo, ta ce ita za ta je tasha ta tarye ki.

Na ce mata ban sani ba ko nan za ki sauka.

Hukunci sai wata mai zuwa. Allah ya ba ki sa'a.

Mijinki, in har kin yarda.