Jan Zare a Bakin Buhu

Yamai, Maris 1985

Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya ɗiyata Yelwa?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Garin taimakon da sojoji za su raba muku, a luzin ɗinmu, masana'antar da nake aiki, ake niƙa shi. Yanzu ana zuba wa wani garin tunkuzar gyaɗa, ba a rubutawa a buhu. Na yi magana, shef, shugaban aikinmu, ya ce in kama aikina.

Ka san gyaɗa na kumbura Yelwa har numfashi ya gagare ta. Ni ke ɗinke buhunan, duk mai gyaɗa da jan zare nake rufe shi. Don Allah ku duba bakin buhu kafin a dama mata, ko da kukan yunwa take.

Allah ya ba mu damina.

Ƙanenka,
Mutari