Dutsen da Zulai ta kawo daga ƙasan teku

Daren Laraba, Wunti

Zulai ta dawo yau. Ƙanwata, wadda ni na koya mata riƙe gudumar fasa dutse a bayan Inkil, yanzu ita ce ke wata da watanni a jirgin ruwa tana binciken duwatsun ƙasan teku. Ni kuwa ina nan ina nuna wa mutane inda za su haƙa rijiyar burtsatse.

Tsarabar Inna wani baƙin dutse ne da bai kai ƙwai ba, wai dutse mai aman wuta ne ya amayo shi a ƙarƙashin ruwa. Inna ta sa shi a kabet cikin tangaran, duk wadda ta shigo sai an nuna mata. Dutsen da na yi digirina a kansa fa? Shi ke tokare ƙofar banɗaki.

Zulai ta nuna min tsarabar Inna ta ce, "Yaya, ya ka gan shi?"

Na ce, "Dutse ne dai."

Da suka fita rakiyar baƙi na ɗauko shi na lasa, yadda mu masu nazarin duwatsu muke yi don ƙwayoyin dutse su fito. Ƙarya nake yi. Gishirin teku nake nema, tekun da ban taɓa gani ba.

Ba abin da na ji sai ɗacin turaren da Inna ta fesa masa.