Me 'Yar Taki Take So?

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Ni lafiyata ƙalau. Aikin wanki a asibiti yana nan. Tsayuwar ce dai ta fara taɓa min baya, amma da sauƙi.

Kan zuwan 'yar taki hutu na rubuto. Taki ce mana, ni haihuwa kawai na yi. Kin san tun safe nake fita sai yamma lis, ɗakin kuma tagarsa bango take kallo. Ba zan kulle budurwa a ciki ba. Shi ya sa jiya na je cibiyar matasa ta bayan layinmu. Suna koyar da iyo, ɗaukar hoto, har da gyaran keke.

Matar da ke kula da wurin ta ce, "Me take so?"

Na ce, "Wasa da fenti."

Ta kai ni ajin. Yaya, kujerun ko gwiwata ba su kai ba. Sai a nan na tuna mai son fentin 'yar shekara shida ce, wadda na bari tana kuka a hannunki. Mai zuwan nan shekararta sha biyar. Matar ta sake tambayata a hankali, na ce zan dawo.

Don Allah ki gaya min, me ke ba ta dariya yanzu? Har yau tana tsoron ruwa? Kada ki ce mata na tambaya. Ina so in ta iso, ta ɗauka uwarta ta sani.

Allah ya saka miki, ya bar zumunci.

Ƙanwarki.