Kwalbar da Kika Naɗe a Ɗankwali

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi da biyayya, daga ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki kama sunansa, kike ce masa Mai-kwalabe saboda aikinsa a ɗakin awon jini da fitsari na wani asibiti a Inugu.

Bayan haka, Inna, ni na fara ganin tururuwan. Sun yi jerin gwano a makewayin gidanmu na unguwar Asata, daidai inda kika tsuguna kika tashi. Ga ƙishirwa mai ƙarar da randa, ga rama har warwaronki yana zamewa. Na san ciwon sukari ne. Amma likita ba ya ba da allura sai ya ga takardar awon fitsari, takardar kuwa ni nake rubuta ta.

"Ko yanka ni za a yi, ba zan miƙa wa ɗan fari wannan abu ba," kika ce, kina kallon bango. Kin yarda abokin aikina Mista Obi ya auna, tunda shi bare ne. A makon nan kuwa jirgin ƙasa ya soma sauke 'yan ƙabilarsa daga Arewa, masu rauni da gawawwaki, sai Mista Obi ya tare a tasha yana neman ƙanensa. Kwana tara muna jiransa.

Sai aka ce duk ɗan Arewa ya tattara ya bar gari. Ana gobe za mu tashi, na tarar da 'yar kwalba a bakin ƙofata, naɗe cikin ɗankwalinki mai ruwan goro, ƙulli uku. Na san abin da kowane ƙulli ya ci miki.

Na cusa hulata a aljihu, na ratsa kasuwar Ogbete ina gaisuwa da harshen Ibo. Na zuba ruwan awo shuɗi a bututun gilashi, na ɗiga naki sau takwas, na kanga a wuta. Shuɗi ya koma kore, kore ya koma rawaya, sannan ya yi ja jawur irin ƙasar garin da kika aurar da 'ya'yanki a cikinsa, alamar sukari ya kai maƙura.

Na kai takarda. Barandar asibiti maƙil da mutane a kwance, likita jini har gwiwar hannu. Ya karanta, ya ce in dawo jibi. Ban ga mugunta a idonsa ba, gajiya na gani. Jibi kuwa muna cikin tarago.

Bayan mun ƙetare gadar Binuwai, numfashinki ya soma ƙamshin ayabar da ta wuce nuna. Kika damƙe hannuna, kika ce, "Lawal, ba ni ruwa." Shekara talatin ina marmarin jin sunan nan a bakinki, Inna, ran da na ji shi kuwa ya faɗa mini abin da gilashi bai faɗa ba. A tasha ta gaba muka sauke ki.

Na auna wa mutum dubu, na ba su labari,
Taki takardar tana aljihuna.

Har yau ina aikin, kuma duk tsohuwar da ta shigo tana ɓoye kwalba a mayafi, nakan kawar da kai sai ta ajiye.

Allah Ya ji ƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke ruwan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.

Ni ne naki,
Mai-kwalabe