Tumatirin Inna Ba Ya Hawa Mota

Zuwa ga ƙanena Sabi'u, a duk inda yake a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk waɗanda Allah ya haɗa ka zama da su. Idan ka tambayi Wudil, tana nan ƙalau, kogi ya ja baya, masu lambu sun gangara fadama. Yayarka Ladidi ce. Saƙonnin da na bayar ta hannun direbobin shanu duk sun dawo mini, wai ka tashi daga ɗakin da aka san ka, shi ya sa na kai wannan takarda gidan jarida. Duk wanda ya karanta, in ya san wani dogon saurayi mai wushirya, ɗan Wudil, da ke sauke siminti a bakin teku, don Allah ya miƙa masa.

Kwantar da hankalinka, ba roƙo na zo yi ba. Maganar tumatir ce.

Ka tuna yadda Inna ke ajiye iri? Idan lambun bayan gida ya kusa ƙarewa, sai ta zaɓi waɗanda suka fi kyau ta matse su a cikin toka, ta cuɗa, ta shafa a bangon ɗakin girki ta ciki, sama da inda bakin akuya ke kaiwa. Nan zai bushe da shatin yatsunta a jiki. Lokacin shuka ya yi, ta kankare da bakin cokali. Takan ce, "Nan ɓera ba ya taɓawa, ni ma ba na mantawa." Daga wajen uwarta ta samo irin, ba a kasuwa ba.

Shekarar da ta rasu ce arzikin man fetur ya ɓarke a ƙasa. Ba ka sami jana'iza ba, hanya ta yi nisa. Daga baya ka iso da rediyo a kafaɗa, da wandon nan mai faɗin ƙafa da ke share mana tsakar gida kyauta, da buhunan siminti cike da bayan mota. Ka ce gidan Inna ba zai ƙara zama da jar ƙasa ba. Ni a lokacin ina ɗakina a Indabo. Kafin in zo, magina sun shafe ko'ina sumul, har cikin ɗakin girki.

Ina shiga na ɗora tafin hannuna a wurin. Kana tsaye a bakin ƙofa kana jiran yabo, sai na ga fuskarka ta sauya. Ka ce, "Yaya, a nan irin yake?" Ko tuwon da na tuƙa maka ba ka cinye ba. Ka koma, tun muna samun saƙo jefi-jefi har ya ɗauke ɗif.

Sabi'u, ban taɓa riƙe ka da wannan ba. Don Inna ka yi. Kai ne ka ɗauki abin ka ɗora wa kanka, ka tafi da shi.

Bayan rasuwar maigidana na dawo gidan nan, ni kaɗai a ciki. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina bayan gida da bokiti. Matan unguwa har tsiya suke yi mini, wai ga malama mai albashi tana jidar ruwa saboda tumatir, alhali na gwangwani ya cika kanti. Ina dariya in wuce. Ba su san abin da nake nema ba.

Na fara da Roma, wanda malaman gona ke rabawa. Dogo ne, fatarsa da kauri, yana 'ya'ya kamar ba gobe. Ka bar shi a kwando kwana da kwanaki yana nan daram. Miyarsa ja ce, da kauri, ido ya ƙoshi, amma harshe bai ji komai ba.

Sai wani ƙato mai zagaye da wata mai sayar da kuka 'yar Darki ta ba ni. Na sa rai da shi ƙwarai. Ashe duk ruwa ne, kafin ya nuna ya tsage, tsuntsaye su ƙarasa. Akwai kuma ƙananan nan da ke fitowa da kansu a bakin makwarara, ba su fi kanya girma ba. Su kam tsami har cikin kunne. Kowanne na ware masa nasa fangalin, na yi miyarsa daban, na zauna a tabarma ina ɗanɗanawa ni kaɗai, babu wanda zan juya in tambaya ko ya ji abin da na ji. Babu na Inna a ciki. Nata shimfiɗaɗɗe ne mai tsaga-tsaga, fatarsa sirirya, ya fara maka da tsami ya ƙare da zaƙi, ƙanshinsa kuma ya wuni a hannu.

To ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Siminti da jar ƙasa ba sa jituwa. Da daminar bana ɗakin girki ya yi yoyo, wani ɓangare na shafenka ya ɓamɓaro ya faɗo. Na je sharewa, na ɗaga kai, sai ga tokar Inna a bango, da shatin yatsunta kamar jiya ta shafa. Na ajiye tsintsiya na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita.

Na kankare da cokali na shuka a tsohon kwano. Yawancinsu sun mutu a kwance, shekaru sun yi musu yawa. 'Yan kaɗan suka leƙo, na yi ta lallaɓa su har na dasa. Yanzu sun yi 'ya'ya, masu tsaga-tsaga. Na farkon da ya nuna, a tsaye na ci shi da gishiri.

Kuma wallahi, Sabi'u, ban sani ba. Wani lokaci in ce shi ne, wani lokaci in ce son zuciyata ne ke ɗanɗana mini. Tsofaffin da suka sha miyar Inna sun bi ta, sa'o'inmu sun watse Kano da Kaduna. Na kai wa maƙwabciyata, ta tauna ta ce ai tumatir duk tumatir ne. Na dawo gida na ji kaɗaici ya danne ni fiye da kullum. A duniyar nan mu biyu muka rage da muka san wannan ɗanɗano, kai kuwa ka fi ni saninsa, don kai ne ɓarawon lambun. Sau nawa Inna ta kama ka da ƙuliƙuli a aljihu da ruwan tumatir a haɓa?

Na so in aiko maka. Na gwada ɗaukar kaɗan a kwano ranar da zan shiga Kano, kafin mu isa sun fashe sun zama ruwa. Roma ne ke jure hanyar Ikko, ƙila ma ka sha cin na fadamarmu ba ka sani ba. Na Inna ba ya hawa mota. Sai dai a zo masa.

Yanzu suke nuna, da zarar zafi ya shigo sun ƙare. Na tankaɗe toka na ajiye, gurbin da simintinka ya faɗo na bar shi a buɗe. Ina so ka ɗanɗana ka gaya mini gaskiya, sannan mu matse mu shafa tare. Ka zo hannu rabbana, ba na son tsaraba. Siminti kuwa ko buhu ɗaya kada ka kawo.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Allah ya tsare ka a inda kake, ya sauke maka abin da ka ɗora wa zuciyarka. Allah ya sa takardar nan ta riga zafi isowa gare ka.

Wassalam. Ni ce yayarka da ke jira,
Ladidi, gidan Inna, Wudil.