Yatsan da Allo Ya Ƙi

Litinin, 9 ga Satumba

Sun zo sun kafa shi a aji uku. Allon gilashi baƙi wuluk, ya kai girman ƙyauren ɗaki. Kuma duk faɗin bangon nan ba su ga inda za su rataye shi ba sai a kan zanen zuciyata! Zuciyar da nake zanawa da alli ja da shuɗi kowane farkon shekara tun ina da gashi a ka, in rubuta "Kar a goge" a ƙasa, ba yaron da ya isa ya kai hannu. Yanzu babbar jijiya ce kawai ta leƙo ta sama, sai rubutun nan a ƙasa.

Shugabarmu Madam Tiyumba, yarinyar da na koyar tana yawo da majina, ta ce, "Baba Neindow, wannan taɓa shi ake yi ya amsa." Na ce to, madalla.

Laraba, 11 ga Satumba

Yau na sha kunya.

Boateng, malamin lissafi ɗan Kumasi, shi aka tura koyon abin. Ya kunna, sai ga zuciya tana bugawa, har da sauti, dum-dum. Ya sa yatsa ya juya ta, ya buɗe ta biyu. Yara suka ɗauki ihu. Ya ce, "Tsoho, fagenka ne, zo ka gwada."

Na taɓa. Shiru. Na danna. Shiru. Na danna har farcena ya yi fari, ko gezau. Boateng ya ɗan shafa, ta juya kamar amarya. Wani shaiɗanin yaro daga baya ya ce, "Ticha, ka gaishe shi tukuna mana, baƙo ne!" Aji ya tarwatse da dariya. Na gane muryar, zan kama shi.

Juma'a, 13 ga Satumba

Tiyumba ta kira ni ofis. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka saba, sannan ta soke ni. Sufeton ilimi zai zo ran uku ga watan gobe. Umarni ne daga sama: ajin da zai zana jarrabawar fita, sai malamin da ke koyarwa da allon zai riƙe shi. In ban iya ba, Boateng ya haɗa lissafinsa da kimiyyata, ni in koma aji ɗaya in riƙa kula da sito.

Ba ta kalli idona ba. Yaran nan ni na ɗauko su tun daga aji ɗaya, na san wanda ke zuwa ba karyawa, na san wanda ke tsoron lissafi. Ritaya ta kusa. Su nake so in raka har ƙofar jarrabawa, shi ke nan abin da nake roƙo. Wallahi raina ya ɓaci.

Asabar, 14 ga Satumba

Na kasa zama. Na wanke babur, ruwan sama ya ɓata, na sake wankewa. Na je kasuwar Aboabo na dawo, na manta abin da ya kai ni.

Talata, 17 ga Satumba

Lokacin tara na shiga ajin ni kaɗai na gwada yatsuna kaf. Ɗan ƙaramin ne kawai yake ɗan amsawa, shi ma sai ya ga dama. Boateng ya leƙo, ya kama hannuna yana juyawa kamar mai tayin doya. Wai alli ne ya busar da fatar, ta yi kanta, allon ba ya jin ta. Akwai alƙalaminsa, amma bai zo cikin kwalin ba. "Ka ɗan lashi yatsan, Tsoho." Ni? In tsaya gaban yara ina lasar yatsa kamar na gama da tuwon zafi? Allah ya kiyaye.

Shi a darasinsa barin yara yake su yi layi suna jan kusurwoyi da hannu, aji ya koma tashar mota. A nawa, allo na malami ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na yi kuskuren ba matata Sanatu labari. Ta ajiye muciya ta yi dariya har da hawaye. "Ai allon ya fi ni gaskiya. Shekara nawa ina ce maka hannun nan ɓawon rogo ne? Ni haƙuri na yi, shi bai aure ka ba."

Ta ciko gwangwani da man kaɗen da suke bugawa a ƙungiyarsu. Na ce ba zan shiga aji ina ƙamshin mai jego ba. Ta ce, "To Ticha, ka shiga sito kana ƙamshin ɓera." Matar nan!

Litinin, 23 ga Satumba

Na tsinci gwangwanin a jakata. Na shafa. Allo ya amsa. Ba zan gaya mata ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Kullum bayan an tashi ina nan ina maimaita darasin: in juya zuciyar, in buɗe, in nuna ɗakunanta huɗu, in bi jini. Yau na rage gudun bugun, na tsaya kallon ƙofofin nan na cikin zuciya suna buɗewa suna rufewa. Ni in na zana su, a tsaye suke cak. Ba laifi, abin ya yi kyau. Amma surutunsa ya yi yawa.

Ko koko ban iya shanyewa da safe ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sufeto ya zo, ya zauna a baya kusa da Tiyumba. Na shafa mai a ɓoye cikin aljihu. Komai ya tafi daidai, har na fara jin kaina. Sai Wunpini ta ɗaga hannu, yarinyar da ba na jin muryarta sai lokacin kiran suna.

"Ticha, in ƙofar nan ba ta rufuwa da kyau fa? A asibiti sun ce haka ta mamata take."

Wannan ba ya cikin abin da na maimaita. Na lalubi alli, ba wurin zane. Na danna nan, na danna can, sai ga huhu, sai ga ƙwarangwal. Ta ce a hankali, "Akwai wurin da ake dannawa, na gani a gefe." Sufeto ya ɗago kai.

Na san in na kira ta, na nuna wa duniya ban iya ba. Amma idon yarinyar nan... Na ce, "Zo, 'yata."

Ta danna. Ƙofar ta saki, jini ya riƙa sulalewa baya, sautin ma ya canza. Wunpini ta ƙura wa allon ido. Ta ce, "Shi ya sa take haki in ta ɗauko ruwa?" Na ce shi ya sa. Na koma gefe, na sa kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa, na yi musu bayani, ita tana tsayar da bugun duk inda na ce. Na gaya mata ana shan magani a yi tsawon rai, kar mamar ta yi wasa da ranar asibiti. Daga nan kowa ya ce shi ma sai ya taɓa, na rasa yadda zan hana. Tashar mota sosai. Sufeto sai rubutu yake.

Ina jin na rasa ajin.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ba labari. Na wuce ta ƙofar sito, na leƙa. Akwai ɓerayen kuwa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Tiyumba ta tare ni a gindin darbejiya. "Aji naka ne, Baba. Sai dai don Allah ka riƙa zuwa da tsumma, allon nan maiƙo yake kamar kaskon tuya." Na ce zan duba. Na yi saurin wucewa, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Wunpini ta tambaya ko za ta iya kawo mamarta ta gani. Na ce Juma'a bayan an tashi, kuma ita za ta danna, ni hannuna ba shi da tabbas.

Sanatu ta nemi gwangwaninta, na ce ya ɓata. Yana aljihun da nake sa alli.

Rubutun nan na ƙasan allo, "Kar a goge", na goge shi da hannun riga. Dama ya dusashe, ba wani abu ba.