Zabin Daji da Bindigar Baba

Azare, Litinin

Zuwa ga Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Yelwa da yara, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Na ba direban motar Katagum takardar nan ne don in na kira ka ba ka ɗauka.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka ce ba za ka ba ni bindigar marigayi Baba ba sai na gano inda zabin daji suke da ƙafata, wai ina ruwan tela da harbi. To ni ma ɗansa ne. Asabar huɗu ke nan ina rufe shago. Na bi hanyar Shira, na leƙa wajen Gamawa, duk dajin da kuke ba mu labari an nome shi. Ƙarangiya kawai nake kwasowa a wando. Shekaranjiya na daɗe ina sanɗa, ashe zabin wata mata ne, ta bi ni da zagi har bakin titi. Na san za ka yi dariya. Yi abinka, ba zan fasa ba.

Ƙanenka,
Najmuddeen

Azare, Lahadi

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Yaya gida, yaya jiki? Albishirinka, tela ya gano su.

Wani dattijon Bafulatani ne, Malam Jumare, ya gan ni ina bilinbituwa a fadama, ya ji tausayina. Ya ce in daina neman tsuntsu, in nemi abin da tsuntsu yake so. Ya nuna mini ramukan da suke birgima a rairayi, da kashinsu a gindin tsamiyar da suke kwana, da sawunsu a bakin ruwa. Muka zauna shiru, sai ga su sun fito daga ciyawa, sun fi talatin. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ya roƙe ni abu ɗaya, kada in kawo taron farauta. Ciyawar wurin ita ce abincin shanunsa har ƙarshen rani, 'yan farauta kuwa wuta suke sa wa daji don su kori nama. Na yi masa alƙawari. Amma na san halinka, in ban faɗi wurin ba za ka ce ƙarya nake. Gabas da kogi ne, bayan rugarsa, inda tsamiya uku suka jeru. Kai kaɗai na faɗa wa, amana ce. Sai ka aiko mini da bindigata.

Naka,
Najmuddeen

Azare, Alhamis

Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina fatan Yelwa da yara suna lafiya. Lafiyarka kam ba sai na tambaya ba, mai ciwon gwiwa ba ya jan mutum arba'in da karnuka zuwa fadama.

Saƙonka ya iso, bindiga a buhu da zabi biyu, wai rabona. Haba Yaya! Ka ji tsoron Allah. Jiya na je na gani da idona. Daga bakin ruwa har bayan ruga babu komai sai toka, tsamiyar ma ta babbake ta gefe guda. An ce da aka yi maka magana cewa ka yi haka ake farauta tun kaka da kakanni. Baba ya shekara hamsin yana harbi, ka taɓa jin ya ƙona abincin dabbar wani? Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Ashe ba gwada ni kake yi ba, ka rasa wurin ne ka mai da ni karen farautarka.

Amma haushin kaina ya fi naka. Baki shi ke yanka wuya, kuma da hannuna na rubuta maka.

Na tarar da Malam Jumare yana ɗaure kaya a kan jakuna, zai yi kudu da shanun, da tsufansa, ya bar wurin da ya shekara goma sha bai tashi ba. Na so ya zage ni. Sai ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya bai ambaci wuta ba. Da zan tafi ya ce in gaida yayana.

Bindigar tana hannun direba tare da zabinka, ko igiyar buhun ban kwance ba. Ka riƙe, ba na so.

A gaida Yelwa da yara. Kai kuwa gaisuwar Malam Jumare na isar maka, tawa babu.

Najmuddeen